Baje Kolin Kimiyya na 'Yan Makaranta: Tarihinsa a Kano da Maƙwabtanta

1.0 Gabatarwa

Kalmar “baje koli” ’yar kasuwa ce. Ɗan koli shi ne mai yawo da ƙananan kaya irin su allura da zare da madubi da kwalli da turare, wanda idan ya isa kasuwar ƙauye yakan shimfiɗa buhu ko tabarma ya baje hajarsa yadda mai wucewa zai gani, ya taɓa, ya taya. Daga nan ne gidajen rediyo da jaridu suka ɗauki kalmar suka ɗora wa manyan kasuwannin nune-nune irin wadda ake ci a Kaduna duk shekara, daga baya kuma aka ɗora wa taron da ’yan makaranta suke kawo abin da suka ƙera ko suka gwada domin alƙalai da iyaye su gani. Ita kuwa “kimiyya” daga Larabci aka aro ta, inda take nufin ilmin haɗa sinadarai kawai, amma Hausa ta faɗaɗa ta. Haka ita ma “fasaha”: a Larabci iya magana ce, a Hausa kuwa ta zama gwanintar kai da ta hannu.

Manufar wannan maƙala ita ce bin sawun wannan al'ada ta baje kolin kimiyya, a ga inda ta faro da yadda ta shigo ƙasar Hausa. An fi ba da ƙarfi ga Kano, domin a can ne gwamnati ta yi wani yunƙuri na musamman a 1977 wanda ya bar tarihi a rubuce. Daga ƙarshe za a gangara bakin teku, zuwa Legas da Lome da Zangon Kwatano.

2.0 Sana'a da Asirinta

A watan Fabrairu na 1851 matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya shiga birnin Kano. Abin da ya fi ɗaukar hankalinsa shi ne saƙa da rini da jima da dukanci, da yadda tufafin Kano suke kaiwa har Timbuktu da Tarabulus. Wata uku bayan haka, a watan Mayu, aka buɗe gagarumin bikin baje kolin masana'antu na duniya a Landan, cikin wani gini na ƙarfe da gilashi. Ke nan a shekara guda birane biyu suna taƙama da aikin hannun mutanensu, amma kowanne da irin tasa hanyar.

Hanyar Bahaushe ita ce gado. Ɗan maƙeri yana fara zuga tun yana ƙarami, ɗan marini yana koyon haɗa baba da toka da katsi a bakin karofi, ba tare da an zaunar da shi an yi masa darasi ba. Abin da ya gani shi zai kwaikwaya. Sannan kowace sana'a tana da asirinta, wanda ba a faɗa wa bare. Ba wai babu nuni a bainar jama'a ba ne, akwai shi. Idan ana naɗin Sarkin Maƙera, ko wani babban biki nasu, maƙera sukan yi wasa da wuta da jan ƙarfe, mahauta su yi hawan ƙaho, masunta su yi nasu a ruwa. To amma manufar irin wannan nuni ita ce a ga buwaya, a yi mamaki, a sara wa mai sana'a. Wanda ya tambayi yadda aka yi, ya yi rashin ta-ido. Baje kolin kimiyya kuwa akasin haka yake nema: yaro ya tsaya gaban abin da ya ƙera, ya faɗi yadda ya yi shi da dalilin da ya sa yake aiki, har wani ya iya komawa gida ya maimaita. A ganina wannan bambanci shi ne mabuɗin fahimtar duk abin da ya biyo baya, domin har yanzu waɗannan ɗabi'u biyu suna kokawa a zauren gasa.

Da Turawa suka zo, Hanns Vischer, wato Ɗan Hausa, ya buɗe makarantun Nassarawa a Kano a 1909, kuma a cikinsu akwai ta sana'a, inda ake koyar da sassaƙa da ƙira da dukanci da ɗinki. A 1924 kuma aka yi bikin baje kolin daular Ingila a Wembley, aka gina wa Afirka ta Yamma rumfa mai siffar birni da ganuwa irin ta ƙasar Hausa, aka kai masu sana'a daga Nijeriya suna aiki ’yan kallo suna zagaya su. Ɗaliban Afirka ta Yamma da ke Landan, ciki har da Ladipo Solanke, ba su ji daɗin yadda jaridu suka riƙa siffanta mutanen ba, kuma wannan ɓacin rai yana cikin abubuwan da suka haifar da ƙungiyarsu ta WASU a 1925. A Wembley mutanen aka baje, ba ilminsu ba.

3.0 Daga Amurka zuwa Sararin Samaniyar Kano

Baje kolin kimiyya na yara, a siffar da muka san shi, a Amurka ya faro. An yi na farko a birnin New York a 1928, a gidan adana kayan tarihin halittu. A 1942 kamfanin Westinghouse ya fara ɗaukar nauyin gasar zaƙulo masu hazaƙar kimiyya a makarantun sakandare, a 1950 kuma aka yi baje koli na ƙasa baki ɗaya a Philadelphia, wanda daga baya ya zama na duniya. Da Tarayyar Sobiyet ta harba tauraron ɗan'adam na farko, Sputnik, ranar 4 ga Oktoba 1957, hankalin Amurka ya tashi, ta zuba kuɗi a koyar da kimiyya, ƙananan gasanni suka bazu a kowace gunduma. A wannan shekara ta 1957 ne kuma malaman kimiyya na Nijeriya suka kafa ƙungiyarsu, STAN.

Wani abin da ɗalibai da yawa ba su taɓa ji ba shi ne Kano ta taka rawa a wannan tsere. Hukumar NASA ta kafa tashar bin sawun kumbo a kusa da birnin, ɗaya daga cikin jerin tashoshin da suka kewaye duniya. Ranar 20 ga Fabrairu 1962, da John Glenn yake zagaya duniya, ya yi magana da ma'aikatan tashar Kano, ya shaida musu yana hangen ƙura ta turnuƙe a ƙasa. Suka amsa masa cewa ai mako guda ke nan ana iska mai ƙarfi. Hazon hunturu ne ya gani daga sama. Tashar ta yi aikinta na ’yan shekaru aka rufe, kuma a lokacin ’yan ƙasa da suka karanta fiziks har matakin da za su riƙe irin waɗannan na'urori ba su taka kara sun karya ba.

4.0 Yunƙurin Kano na 1977

An ƙirƙiro Jihar Kano a watan Mayu na 1967, aka naɗa Audu Baƙo gwamna. Jihar ta fi kowace jiha ta Arewa yawan kasuwanci da masana'antu, amma ta tashi da babban giɓi. Rikicin 1966 da yaƙin basasa sun sa ma'aikata da yawa ’yan Kudu, masu aikin lantarki da jirgin ƙasa da asibiti da gidan waya, sun koma gida. Da kuɗin man fetur suka shigo a shekarun 1970, aka shiga gina madatsun ruwa da asibitoci da hanyoyi, sai ya zamana likitoci da injiniyoyi da malaman kimiyya akasarinsu baƙi ne daga Indiya da Pakistan da Masar da Filifin da Ingila. Ko da jami'a ta ware wa jihar gurbi a fannin likitanci ko injiniya, sau da yawa ba a samun isassun ɗaliban da suka ci fiziks da kemistiri da lissafi da za su cike shi.

A zamanin Kanar Sani Bello, wanda ya yi gwamna daga 1975 zuwa 1978, wani kwamiti mai duba buƙatun jihar na ma'aikata ya kawo shawarar da ba a saba jin irinta ba. Dakta Ibrahim Ayagi, wanda ya riƙe kwamishinan raya tattalin arziki, daga baya kuma na ilmi, yana cikin waɗanda suka tsaya wa shawarar. Ga yadda take: maimakon a raba ɗan abin da ake da shi na malamai da kayan gwaji ga kowace makaranta, kowa ya sami ɗigo, a tattara su wuri guda, a zaɓo yara mafi hazaƙa ta hanyar jarrabawa bayan sun gama aji biyu na sakandare, a kai su makarantar kwana inda za su shekara uku ba abin da suka sa gaba sai kimiyya. A 1977 aka kafa hukuma ta musamman domin wannan aiki, aka mayar da makarantu biyu na maza, Dawakin Kudu da Dawakin Tofa, makarantun kimiyya. Rukunin farko ya fita a 1980. A 1981 aka buɗe ta ’yan mata a Taura, daga baya aka ƙara wasu, har da ta Kafin Hausa. Da aka cire Jigawa daga Kano a 1991, Taura da Kafin Hausa suka faɗa cikin sabuwar jiha.

Shirin bai sami karɓuwa cikin sauƙi ba. Wasu jami'an ilmi sun ga an ƙwace musu iko, tun da hukumar tana da kasafinta, tana ɗaukar malamanta, tana sayen kayanta ba tare da bin dogon layin ma'aikata ba. Shugabannin sauran makarantu suka ce ana yashe musu ɗalibai, ana bar musu ƙaiƙayi. Wasu kuma suka ce rashin adalci ne a kashe wa yaro ɗaya abin da zai ishi yara da dama. Wannan suka ta ƙarshe tana da nauyi, kuma ban ga an taɓa ba ta cikakkiyar amsa ba. Abin da masu shirin suka dogara da shi shi ne cewa jarrabawa ce take zaɓe, ba gidan da yaro ya fito ba, don haka ɗan manomi daga Gumel ko Rano yana iya zama benci ɗaya da ɗan attajirin Fagge. Abdalla Uba Adamu, wanda ya rubuta kundin digirinsa na uku a Jami'ar Sussex a 1988 a kan shekaru goma na farkon waɗannan makarantu, ya bi diddigin wannan taƙaddama. Ko ma dai mene ne, kafin shekarun 1980 su ƙare ɗaliban Dawakin Kudu da Dawakin Tofa sun cika azuzuwan likitanci da injiniya a Zariya da Kano, wasu jihohi kuma suka kwaikwayi tsarin.

Dangantakar wannan da batunmu ita ce, baje koli ba ya tsirowa a fako. Sai da ɗakin gwaje-gwaje, da malamin da zai tsaya da yara bayan an tashi, da makarantar kwana inda yaro yake da yammacin Asabar babu aike babu talla.

5.0 Gasar JETS

A ɓangaren tarayya, manufar ilmi ta ƙasa da aka fitar a 1977 ta kawo tsarin 6-3-3-4, wanda aka fara aiki da shi a 1982, tare da sabon darasin share fagen fasaha a ƙaramar sakandare. An yi odar injunan koyarwa masu yawa daga ƙasashen Gabashin Turai. Da yawansu sun ruɓe a cikin akwatunansu, domin an kai su makarantun da ba su da lantarki, ko ɗakin da za a girka su, ko malamin da ya san kansu. Da shirin tsuke bakin aljihu na 1986 ya karya darajar Naira, sinadarai da gilasan gwaji na waje suka gagari yawancin makarantu. Sai malaman kimiyya, ta bakin ƙungiyarsu, suka shiga wa'azin yin amfani da abin da ke kusa: kwalbar magani ta zama fitilar gwaji, ruwan zoɓo ya zama abin gane tsami da kanwa, tun da launinsa yana sauyawa idan an ɗiga masa lemon tsami ko ruwan toka.

A cikin wannan yanayi na shekarun 1980 ne Ma'aikatar Ilmi ta Tarayya ta yaɗa ƙungiyoyin JETS a makarantu, wato ƙungiyar ƙananan injiniyoyi da masu fasaha da masana kimiyya. Zambiya ta riga Nijeriya amfani da wannan suna tun 1968. Tsarin gasar kamar tsani yake: a fara a makaranta, a je shiyya, a je jiha, sannan zakaru su haɗu a matakin ƙasa. Kashi biyu ne, akwai kacici-kacici, akwai kuma nunin ƙere-ƙere. Duk wanda ya halarci irin wannan taro ya san hajar da aka saba bajewa: murhu mai dafuwa da hasken rana wanda aka yi da madubai ko takardar azurfa, ƙararrawa mai sanar da cikar tanki, iskar girki daga kashin shanu, maganin sauro daga ganyen darbejiya, ƙaramar tashar rediyo da ba ta wuce katangar makaranta. Daga baya kamfanoni suka shigo da nasu gasanni, na lissafi da na kacici-kacicin kimiyya, wasu har a talabijin.

Amfanin wannan a fili yake. Yaron da bai taɓa fita daga ƙaramar hukumarsu ba ya hau mota zuwa babban birnin jiha, ya ga tsararsa daga wata makaranta ta yi abin da bai zaci ɗan sakandare zai iya ba, ya koma da ƙaiƙayi a zuciya. Yarinyar da aka ce lissafi ba na mata ba ne ta karɓi kofi a gaban mahaifinta. Amma akwai illoli guda biyu da suka daɗe suna bin gasar. Ta farko, kacici-kacici ya fi sauƙin shiryawa da sauƙin yanke hukunci, don haka yakan danne nunin ƙere-ƙere, alhali shi hadda ce kawai aka sauya wa riga. Ta biyu, son cin kofi yakan sa malami, ko wani mai gyaran rediyo a kasuwa, ya ƙera abin, a ba yaro jawabi ya haddace.

Na taɓa zama cikin ’yan kallo a wani irin wannan taro. Wani yaro ya kawo na'urar da ke kunna fitila da kanta idan duhu ya yi. Ya karanto bayaninsa da Turanci tiryan-tiryan, ko numfashi ba ya yi. Da alƙali ya tambaye shi abin da zai faru idan aka juya ƙafafun wani ɗan ƙaramin abu a jikin allon, sai ya yi tsuru-tsuru. Har an fara yi masa kallon wanda aka yi wa aiki. Bayan an wuce, wani dattijo ya matso ya ce, “Yaro, mene ne wannan?” Nan take bakinsa ya buɗe. Ya nuna masa “idon” da ke ganin haske, ya ce idan rana ta faɗi idon yakan toshe hanya, sai wutar ta bi ta ɗaya ƙofar, har ya faɗi abin da ya ƙone masa sau biyu kafin ya gane kuskurensa. Ashe shi ya yi abinsa. Turancin ne ba nasa ba. Wannan matsala ba sabuwa ba ce. Abdou Moumouni, masanin fiziks haifaffen Tasawa a 1929, wanda ya jagoranci ofishin binciken makamashin rana na Nijar kuma Jami'ar Yamai take ɗauke da sunansa, ya yi kira tun a littafinsa na 1964 a kan ilmi a Afirka da a koyar da yara cikin harsunansu. Mutumin da ya yi wannan kira ba malamin adabi ba ne, mai ƙera tukunyar dafuwa da hasken rana ne.

6.0 Tukunya da Jirgi

Mutum biyu daga wannan yanki sun yi suna a duniya cikin shekarun 2000 saboda abin da suka ƙera, kuma ya kamata a jera labarinsu.

Na farko shi ne Mohammed Bah Abba, malami a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Jihar Jigawa da ke Dutse, wanda ya tashi a gidan maginan tukwane. Kowane Bahaushe ya san ruwan randa ya fi na bokiti sanyi. Dalili shi ne jikin randa yana da ƙananan ƙofofi, ruwa yana tsattsafowa, iska tana busar da shi, kuma duk ruwan da zai zama tururi sai ya ɗebi zafi daga abin da yake jikinsa, kamar dai yadda gumi yake sanyaya mutum. Abin da Bah Abba ya yi a shekarun 1990 shi ne ya sa ƙaramar tukunya cikin babba, ya cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, ya rufe da jiƙaƙƙen tsumma. Yashin ya zama rumbun ruwa, cikin ƙaramar tukunya kuma ya kasance a bushe da sanyi. A gwajin da ya bayar da rahoto, gauta da kan lalace cikin kwana 3 ya kai kwana 27. Da kuɗin aljihunsa ya sa magina suka yi tukwane 5,000 na farko ya raba a ƙauyuka. A shekarar 2000 ya sami kyautar Rolex ta dala 75,000, ya ƙara faɗaɗa aikin. Hujjarsa ba ta tsaya ga tumatir da alayyafo ba. Ya ce idan kayan lambu ba sa lalacewa a yini guda, ba dole ba ne a tura yarinya talla kullum, sai ta sami zuwa makaranta. Ya rasu a 2010.

Na biyu shi ne Mubarak Muhammad Abdullahi, ɗalibin fiziks a Jami'ar Bayero. A 2007, yana da shekara 24, kafofin watsa labarai na duniya suka ɗauki hoton jirgi mai saukar ungulu, ruwan ɗorawa, da ya haɗa cikin wata takwas. Injinsa na tsohuwar mota ƙirar Honda Civic ne mai ƙarfin doki 133, kujerunsa na wata tsohuwar Toyota, wasu sassan kuma daga gawar wani jirgi ƙirar Boeing 747 da ya faɗi kusa da Kano. Kuɗin ya tara ne daga gyaran kwamfuta da wayar salula, karatun tuƙin kuma daga intanet. Jirgin ya ɗaga sau da dama, amma bai taɓa wuce ƙafa 7 daga ƙasa ba. Mubarak ya koka a lokacin cewa jami'an gwamnati sun zo sun yi kallo sun yaba, daga nan shiru. Daga baya ya tafi Ingila ƙarin karatu.

Idan aka kai waɗannan abubuwa biyu zauren baje koli, kowa ya san inda jama'a za su yi dafifi. Jirgi yana da ƙara da farfela, tukunya kuwa tana zaune shiru kamar ta kowace tsohuwa. Amma tukunyar ce take da tambaya, da gwaji, da lissafin kwanaki, da bayanin da duk mai gini zai iya maimaitawa, kuma ita ce ta shiga dubban gidaje har ta ƙetare zuwa Sudan. Ba ina rage wa Mubarak daraja ba ne. Wanda ya ɗaga ƙarfe daga ƙasa da injin mota ya cancanci a buɗe masa kowace ƙofa. Abin da nake nufi shi ne jirgin ya fi kusa da wasan maƙera, abin a gani a yi kabbara, kuma alƙalan gasa da ’yan jarida sun fi saurin faɗawa wannan ɓangare.

7.0 Legas, Lome da Kwatano

A 2009 aka fara wani sabon nau'in baje koli a Akara, mai suna Maker Faire Africa, wanda bai tambayi takardar makaranta ba: mai walda da ɗalibin jami'a kowa da teburinsa. Ya je Nairobi a 2010, Alƙahira a 2011, Legas a 2012. A na Legas ne ’yan mata huɗu ’yan sakandare, masu shekara 14 zuwa 15, suka nuna janareta mai aiki da iskar haidurojin da aka ciro daga fitsari. Labarin ya zagaya duniya da cewa lita ɗaya tana ba da wutar awa shida. Injiniyoyi suka yi ta jan hankali cewa raba haidurojin daga fitsarin shi kansa da lantarki ake yinsa, kuma wutar da ake kashewa a nan ta fi wadda janaretan zai mayar, don haka na'urar ba za ta iya ciyar da kanta ba. Wannan gyara bai kai ko'ina ba idan aka kwatanta da labarin farko. Yaran sun yi aikin da ya fi ƙarfin shekarunsu, har da tace iskar da busar da ita kafin ta shiga inji. Manyan da suka yi ta yayatawa ba tare da sun auna abin da ya shiga da abin da ya fita ba, su ne suka gaza.

A Lome, a 2013, Kodjo Afate Gnikou ya haɗa na'urar da ke ɗab'in abubuwa masu jiki daga tarkacen tsofaffin kwamfutoci, a wani ɗakin ƙere-ƙere na unguwa mai suna WoeLab. A Kwatano kuma BloLab, wanda Médard Agbayazon ya kafa, ya yi suna da koya wa matasa harhaɗa kwamfuta a cikin jarkar roba, da kayan cikin tsofaffin na'urori da aka zubar. Jamhuriyar Benin tana da wasu cibiyoyin da suka girme waɗannan, irin su Cibiyar Songhaï ta Porto-Novo, wadda Fada Godfrey Nzamujo ya kafa a 1985, inda ake koyar da noma da ƙera injunan sarrafa amfanin gona, da kuma cibiyar lissafi da fiziks da aka kafa a 1988, wadda take Dangbo.

Duk waɗannan suna kusa da yaron Zangon Kwatano. Unguwarsu tana tsakiyar birni, ga babban masallacinta, ga tashar jirgin ƙasan da aka shimfiɗa zuwa Parakou ba nisa. Sunanta ma daga fatake ya samo asali, irin waɗanda suka riƙa yada zango a Kandi da Zugu kan hanyarsu ta zuwa Gwanja sayen goro. Yaron yana jin Hausa a gida, Fon a kasuwa, Larabci a makarantar allo, kimiyya kuwa da Faransanci za ta zo masa, kamar yadda take zuwa wa ɗan'uwansa na Maraɗi. Idan ya ji labarin tukunyar Dutse ya ce zai kai ta baje kolin makarantarsu, zai ci karo da abin da ɗan Jigawa bai sani ba. Iskar Kwatano ta bakin teku ce, cike take da laima kusan duk shekara, don haka yashin ba zai bushe da sauri ba, sanyin da zai samu kaɗan ne. Sai dai a watannin Disamba da Janairu, lokacin da iskar hunturu take gangarowa har gaɓar teku, bambancin zai ɗan fito. Abin da yake buƙata shi ne tukwane biyu, da yashi, da ma'aunin zafi guda biyu, ɗaya a ciki ɗaya a waje, da littafin da zai riƙa rubuta abin da suka nuna kowace azahar, daga Janairu har zuwa ruwan Yuni.